Kafin a tura maka fim ɗin ramuwar gayya, ka ce a ja maka shi zuwa faɗan dare

A Gusau, da Ƙaura Namoda, da Talata Mafara, yawancin fina-finai ta teburin mai turi suke shiga gida: kwamfuta ɗaya, tarin igiyoyin caji, da matasa a tsaye kowa riƙe da wayarsa ko memori. Ka ambaci fim ɗin da ake yayi, wanda aka kashe wa jarumi iyali ya dawo ɗaukar fansa, sai ya buɗe maka kwafi uku masu suna ɗaya. Na farko MB 300, na biyu MB 900, na uku GB 2 da ɗoriya. Kusan kowa ƙaramin yake nunawa, saboda waya ta cika kuma ana sauri. In fim ɗin barkwanci ne ko na soyayya, babu wata asara mai yawa. Amma a fim ɗin ramuwa, wannan zaɓin shi ne yake cinye abin da ka biya kuɗi don ka gani.

Dalilin yana cikin yadda ake matse bidiyo. Na'ura ba ta ajiye kowane hoto cikakke, tana ajiye ɗaya ne, sannan ta riƙa rubuta abin da ya canza a waɗanda suka biyo baya. Mutum biyu zaune a falo suna hira da rana, baki da ido kawai ke motsi, ɗan wuri kaɗan ya ishe su. Fim ɗin ramuwa kuwa rayuwarsa duk a duhu take: ruwan sama, hayaƙi, gobara, tsohon sito mai ƙwan fitila ɗaya, kyamara tana girgiza tana bin naushi. A nan komai yana canzawa a lokaci guda. Yi lissafin da kanka. Awa biyu daƙiƙa 7,200 ce. In ka raba MB 300 a kanta, kowace daƙiƙa ba ta samun fiye da kilobit 330 ko makamancin haka, kuma a ciki har da sauti. Tsohon faifan VCD da muka raina, mai zuwa biyu-biyu, kilobit 1,150 yake ba hoto kaɗai. Gaskiya ne dabarun matsewa na yau sun fi na wancan zamani nesa ba kusa ba, amma ba su kai su yi tuwo babu gari ba.

Saboda haka kada ka auna kwafi da mintunan farko, inda rana take tsaka kuma kowa yana murmushi. Ka ce da mai turi, "Don Allah ɗan'uwa, ja mini shi zuwa wajen faɗan ƙarshe." Kamar minti ashirin kafin ƙarewa ke nan. A tsayar da hoton daidai kan fuskar jarumi a cikin duhu, ka matso kusa. Kada ka dubi fuskar tukuna, ka dubi bangon da ke bayansa. A kwafi mai kyau baƙin yana da zurfi, kana iya rarrabe baƙar riga da baƙin bango, kana ganin zufa tana ƙyalli a goshi. A mummunan kwafi bangon ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai kamar gidajen dara, suna motsi su kaɗai, kuma hasken fitila ya zagaye kansa da zobe a kan zobe kamar an yanka albasa. Sai a saki hoton ya ci gaba na daƙiƙa talatin. In duk lokacin da aka kai duka fuska ta narke ta yi dishi-dishi, sai an tsaya take dawowa, to rabin faɗan ba za ka gan shi ba.

Rubutun 720p ko 1080p da ke jikin sunan fayil ba shaida ba ne, kowa na iya rubutawa. Nauyin ya fi faɗin gaskiya. Ga fim na awa biyu, in a waya za a kalla, MB 700 zuwa GB 1 ya wadatar. In talabijin ce mai inci 32 ko 43, kada ka yarda da ƙasa da GB 1.5, kuma GB 2 zuwa 2.5 ya fi kwanciyar hankali. Fim ɗin Indiya da ke kaiwa awa uku sai ka ƙara rabin wannan a kai. Akwai togiya ɗaya: wanda aka matse da dabarar H.265, da ake rubutawa HEVC ko x265, yana iya ba ka irin wannan kyan da kusan rabin nauyin. Matsalarsa ita ce tsofaffin talabijin da na'urorin DVD masu ramin filashi ba sa buɗe shi, ƙananan wayoyi kuma su yi zafi suna cijewa. In ba ka tabbatar da na'urarka ba, ka ce H.264 kake so, a cikin MP4.

In fim bai daɗe da fita a silima ba, yi hattara. Fina-finan Indiya sukan ɗauki mako huɗu zuwa takwas kafin su fito a hukumance don kallon gida. Duk abin da ka gani kafin nan, galibi da kyamara aka ɗauke shi a ɓoye cikin silima: hoton a karkace, launi a wanke, inuwar kai tana giftawa, tari da dariyar 'yan kallo, wani lokaci ga tallan caca yana yawo a kan allo. Wannan ko kyauta ne ka bar shi.

Sai batun baƙin layi biyu, sama da ƙasa, da mutane da yawa suke ɗauka aibu ne. Ba aibu ba ne. Yawancin irin waɗannan fina-finai faɗin hotonsu ya ninka tsayinsa sau 2.39, alhali allon talabijin na yanzu sau 1.78 ne. Duk wanda ya "gyara" maka shi ya cika allo, ɗayan biyu ya yi. Ko dai ya yanke gefe da gefe, wanda ke zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin hoton, sai ka ga jarumi ya juya ya kai sara ba ka ga wanda ya taso masa ta gefe ba. Ko kuma ya ja hoton sama, mutane su zama zanƙala-zanƙala. Tayar mota ce ma'auni, in ta koma siffar ƙwai an taɓa hoton. Wani sa'in laifin na rimot ɗinka ne, ba na kwafin ba. Haka nan in duhu ya yi yawa, kada ka ɗaga haske har ƙarshe, baƙi zai koma toka kuma duk ɓarakar matsewa ta fito fili. Ka sa talabijin a kan Movie ko Cinema, ka rage hasken ɗakin.

Sauti ya fi hoto wahalar ganewa a shago, ga ƙarar janareta ga hayaniyar titi, don haka ka tafi da abin sa wa a kunne. Asalin fim ɗin da hanyoyin sauti shida yake zuwa, abin da ake rubutawa 5.1, kuma kusan duk maganar 'yan wasa a hanyar tsakiya take. Idan wanda ya mayar da shi na sifika biyu bai iya ba, maganar takan nutse, harbi da kiɗa su danne ta. Shi ne za ka ga ana kallo da rimot a hannu, a ƙara in ana magana, a zabura a rage in bam ya tashi don kada a tada maƙwabta. Gwajin shi ne wurin da ya biyo bayan fashewa, inda wanda ya ji rauni yake magana ƙasa-ƙasa. In sai ka ƙure murya kake jin sa, kwafin zai wahalar da kai. In kuwa hoto ya fito tar amma babu sauti ko kaɗan, yawanci tsarin sautin AC3 ne ko DTS da na'urarka ba ta karantawa. VLC, manhajar kallon bidiyo, yana buɗe su, ko ka nemi kwafi mai sautin AAC.

Ka kuma duba ko baki da murya suna tafiya tare, a farko, a tsakiya, da ƙarshe. Mari ko buga ƙofa ya fi nuna shi. In tazarar iri ɗaya ce ko'ina, da sauƙi, a VLC na kwamfuta mai Windows maɓallan J da K suna matsar da sauti gaba ko baya kaɗan-kaɗan. Wadda ba ta gyaruwa da wannan ita ce mai ƙaruwa. Tana faruwa idan an ɗora sautin kwafi mai hoto 23.976 a daƙiƙa a kan bidiyo mai 24. Bambancin kamar ba komai ba, amma daƙiƙa uku da rabi ne a kowace awa. Fim ya fara lafiya lau, kafin a kai faɗan ƙarshe sai ka ji ƙarar bindiga bayan mutum ya daɗe da faɗuwa.

Fassarar Hausa ita ce ta kai waɗannan fina-finai har ɗakin tsohuwar da ba ta jin Indiyanci ko Turanci, kuma akwai masu yin ta da gwaninta. Alamar gwani ita ce ya bar kiɗa da ƙarar takalmi da saukar ruwa suna tafiya a ƙarƙashin muryarsa. Wanda bai iya ba, duk sanda zai buɗe baki sai sautin fim ɗin ya ɗauke gaba ɗaya, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Abin da ya fi wannan ɓata mini rai shi ne cusa raha a inda babu ita. Uba yana durƙushe a kan gawar 'yarsa, mai fassara yana zolaya ko yana gaida abokansa. Wannan wurin shi ne ginshiƙin fim ɗin gaba ɗaya. In ya tafi a dariya, duk jinin da za a zubar daga baya ba shi da dalili.

Nan ne ma batun yanka yake shigowa. Ka kwatanta tsawon kwafin da tsawon da aka sani na fim ɗin. Faifan DVD irin na PAL, tsarin da Najeriya take bi, yana gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24 na silima, don haka fim na minti 120 yakan koma kusan 115 ba tare da an cire komai ba. Amma in giɓin ya wuce minti goma, an sa almakashi. In waƙoƙi aka cire, wani ma zai gode. Abin takaici shi ne wasu farkon fim ɗin suke datsewa, inda ake nuna gidan, da cin abinci tare, da bashin ko filin da ya jawo rigimar, wai don a isa faɗa da wuri. Wasu kuma su datse ƙarshe, inda jarumi ya gama kashe bos ya zauna shi kaɗai babu wanda zai koma wurinsa.

Mu a Zamfara ba labari ake ba mu ba a kan ramuwa. Mun san ƙauyen da aka kai wa hari saboda abin da aka yi a wani ƙauyen, mun san ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma mun san ba ta tsayawa a kan mai laifi. Shi ya sa nake ganin fim ɗin da ya nuna abin da fansa take ci a jikin mai ɗaukarta ya cancanci a kalle shi cikakke, kwafin da aka mayar da shi sara da harbi zalla kuwa bai cancanci shiga falon da yara suke ba. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana sa alamar shekaru irin su 12 da 15 da 18, amma fayil ɗin da ya bi ta Xender daga waya zuwa waya ba ya ɗauke da kwali. Kai ne mai tacewa a gidanka. Ka kalle shi kai kaɗai tukuna. Kuma in fim ɗin namu ne na Hausa, ka neme shi a tashar YouTube ta masu shi ko manhajar da suka saka shi, don kowa ya ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifai.

Ga mai sayen faifai har yanzu, juya shi ka dubi ƙasansa. Na kamfani azurfa ne, wanda aka ƙona a kwamfuta yakan yi shuɗi-shuɗi mai ja, kuma shi zafin Afrilu da hasken rana suke saurin kashewa, balle an bar shi a gaban mota. Faifai mai hawa ɗaya GB 4.7 yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5, to ka raba wannan ga fim goma sha biyu da aka cusa a faifai guda ka ga rabon kowa. In na asali ne daga waje, yakan zo da lambar yankin da aka yi shi dominsa: Najeriya da Indiya duk a yanki na 5 suke, na Amurka na 1 ne, kuma ba kowace na'ura take karɓarsa ba. Ana karanta faifai daga tsakiya zuwa baki, don haka ƙarshen fim a bakin yake a mai hawa ɗaya, daidai inda yatsu da ƙarzuwa suka fi yawa. Shi ya sa yake sarƙewa ana tsakiyar faɗan ƙarshe. A goge shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa waje, ba a zagaye ba. In faifai da yawa sun riƙa cijewa lokacin hunturu, ƙurar da ta hau idon na'urar ce.

Filashi da memori su ma suna da nasu. Wanda aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai GB 4, sai an mayar da shi exFAT ko NTFS, kuma ba kowace talabijin take karanta su ba, don haka ka gwada da ƙaramin fayil kafin ka goge kayanka. Jabun memori yakan nuna GB 32 alhali cikinsa bai kai haka ba, zai karɓi fim ɗin ba musu, sunan ya fito, amma ya ƙi buɗewa ko ya tsaya a tsakiya. In aboki zai turo maka ta WhatsApp, ya turo a matsayin takarda, wato Document, in ba haka ba manhajar za ta sake matse shi. Kuma kada a fizge filashin da zarar layin turi ya cika, a cire shi ta ƙa'ida. Kafin ka bar gaban teburin, buɗe fim ɗin daga cikin naka memorin, ba daga kwamfutar mai shago ba, ka ja shi zuwa minti na ƙarshe, ka tabbatar ka ga sunayen ma'aikata suna hawa sama.