Edita Ya Mayar Min da Maƙalata Cikin Kwana Shida

Shekara biyu na yi ina fama da maƙalar, editan mujallar manufofin tattalin arziki da na tura wa kuwa kwana shida kacal ya yi ya mayar min da ita. Ko masu bita, wato masanan da ke tantance maƙala kafin a buga ta, bai tura wa ba. Wasiƙarsa layi huɗu ce, na ukun ne ya tsaya min a rai: wai ya karanta tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke saman maƙala, da gabatarwa, bai ga abin da mai tsara manufa a babban banki zai sauya ba idan ya karanta aikin.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Bincikena kan yadda ƙarin kuɗin ruwa ke shafar bashin da bankuna ke bai wa ƙananan 'yan kasuwa ne. In wannan ba batun manufa ba ne, to mene ne? Sai da na huce sannan na ɗauko takardar na karanta kamar ba ni na rubuta ba. Shafi uku na farko duk wane ya ce, wane ya musa masa. Sakamakon da na sha wuya a kansa yana can shafi na 19, cikin jadawali, da taurari uku a kafaɗa kamar hafsan soja. Taurarin nan abin da suke nunawa kawai shi ne da wuya a ce dace aka yi. Ba sa faɗin ko tasirin babba ne ko ɗan mitsitsi. Mujallar manufofin tattalin arziki kuwa girman take tambaya. Idan aka ƙara kuɗin ruwa, da nawa bashin zai ragu, wa zai fi ji a jika, kuma bayan wata nawa?

Na rushe gabatarwar na sake ginawa. Tambaya a sakin layi na farko, amsa da girmanta a na biyu, sannan yadda na gano ta. Dogayen lissafe-lissafen da nake taƙama da su na kora su rataye, can ƙarshen maƙalar.

Kafin in tura wa mujalla ta biyu na zauna na karanta ƙa'idojinta har ƙarshe, abin da ban yi ba a karon farko. Iyakar kalmomin tsakure, tsarin manazarta, da lambobin JEL da ake rarraba fannonin ilimin tattalin arziki da su: na sa E52 don manufar kuɗi, G21 don bankuna. Mujallar tana ɓoye sunan marubuci ga masu bita, don haka na cire sunana da shafin godiya. Saura ƙiris in tura, sai na duba bayanan fayil ɗin, ga sunana nan ɓaro-ɓaro a gurbin mai shi. Ni dai ina shakkar amfanin ɓoyon a yau, tunda daftarin yana SSRN, shafin intanet da masu bincike ke ɗora aikinsu kafin a buga, duk wanda ya saka taken a intanet zai gan ni. Mujallun Ƙungiyar Masana Tattalin Arziki ta Amurka ma tun 2011 suka daina ɓoye sunan marubuci. Amma ƙa'idar masu gida ce, na bi.

Inda na fi jin kunya shi ne wajen alƙaluma. Mujallu da yawa yanzu suna neman bayanan da aka yi aiki da su da umarnin kwamfutar da ya fitar da sakamako, don wani ya maimaita ya gani. Na ba wata abokiyar aikina ta gwada a Stata ɗinta, manhajar nazarin alƙaluma. Bayan awa guda ta leƙo ta ce, "Malam, jadawalinka na huɗu fa ya ƙi fitowa yadda ka rubuta." Kwana biyu muna nema. Ashe wani dare ne na goge wasu bankuna da hannu a Excel saboda alƙalumansu ba su cika ba, ban rubuta ko'ina ba, na kuma manta. Sakamakon bai juye ba, amma lambobin sun ɗan motsa, dole na gyara har cikin tsakure. Tun ranar ban ƙara taɓa ɗanyen bayani da hannu ba.

Bayan wata huɗu amsa ta zo: a gyara a sake turowa. Mai bita na farko ya taimaka ƙwarai. Na biyun ya kawo ƙorafi 14, wasu ma da alama bai kai ratayen ba. Na rubuta masa amsa mai zafi, na bar ta ta kwana, da safe na goge. Sai na bi ƙorafin ɗaya bayan ɗaya, ina kwafo maganarsa, in faɗi abin da na yi da shafin da zai same shi. Biyu na ƙi yarda da su, na kawo hujja cikin ladabi. A ƙorafi na bakwai kuwa gaskiyarsa ce: ban bambance ko bankuna ne suka rage bayarwa ko 'yan kasuwa ne suka rage nema ba. Wannan kaɗai ya ci min wata uku, kuma sashen da na ƙara dominsa ne edita ya ce in dawo da shi shafin farko.