Idan allurar zafi ta miƙe a Hawan Kibo

Tirela ta taso daga Akwanga da buhun siminti 600, allurar zafi na zaune lafiya, ana fara Hawan Kibo, hawan da ke kan hanyar Jos, sai ta miƙe tana neman ja. Kafin a kwance komai, a fara gane abu ɗaya: injin ne ya ɗau zafi, ko allurar ce ke ƙarya?

Tafiyar allurar ita ke ba da amsa. Ruwan da ke cikin babban injin ba ya zafi farat ɗaya, don haka zafin gaske a hankali yake hawa, cikin mintuna. Allurar da ta yi tsalle daga tsakiya zuwa ja cikin daƙiƙa biyu, ko take rawa idan an faɗa rami, ko ta ƙaru da an kunna fitila, aikin rewaya ne. Yawanci wayar sensa (na'urar da ke auna zafin ruwan injin) ce ta goge tana taɓa ƙarfe, ko wayar da ta haɗa injin da shasi ta yi tsatsa. A irin sensa mai waya ɗaya, a zare wayar, makulli na kunne: allura ta faɗi ƙasa. A taɓa ta da jikin injin na ɗan lokaci: ta haura sama. In ta yi haka, agogon allurar lafiyarsa ƙalau, sensar ake tuhuma. Ƙaramin ma'aunin zafi mai haska jan ɗigo yana raba gardama: a haska gidan tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in injin ya yi zafi. Digiri 80 zuwa 95 daidai ne.

In zafin gaske ne, a fara da giya. Direban da ya bar mota a babbar giya yana danna totur har ƙasa, injin na nishi, ya haɗa abu biyu marasa kyau: wuta mai yawa a cikin silinda, famfon ruwa da fanka kuma suna juyawa a hankali. A rage giya tun daga gindin hawa.

Sai murfin lagireto, wanda aka fi rainawa. Jos na kan tudun da ya kai kusan mita 1,200, inda ruwa a buɗe ke tafasa a wajen digiri 96. Murfi mai riƙe matsi na bar 1 (bar ma'aunin matsi ne) yana ɗaga wannan zuwa kusan 120. Robarsa na tsagewa, ruwa zai tafasa a hawa ya yi amai ta tiyo, alhali a Akwanga ba a ga komai ba.

Fanka mai kuloci, in injin ya yi zafi, dole a ji rurinta. In shiru ne, kulocin ya mutu. A duba bel ko ya saki, a leƙa tsakanin lagireto da intakula (mai sanyaya iskar da ke shiga injin), inda ƙurar hunturu ke taruwa ta toshe iska. Daga bayan lagireto ake hura ta zuwa gaba.

Cire tamostat da wasu makanikai ke yi ba magani ba ne. A injina da yawa, in babu shi, wani ɓangaren ruwan ya dinga kewayawa cikin injin ke nan bai bi ta lagireto ba. A jefa shi a tukunyar ruwan zafi, in bai buɗe a digirin da aka rubuta a jikinsa ba, a sayi sabo.

Kumfa na tasowa a tankin ruwa, farin hayaƙi a salansa, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara: gaskit ya ƙone, kada a ci gaba da tafiya.

A kan hawan kuwa, a samu gefe, yaron mota ya sa waigi, a bar injin a sulo minti 3 zuwa 5 kafin a kashe, sai dai in ruwa na tsiyaya a ƙasa, a kashe nan take. Kada a buɗe murfi sai tiyon sama ya huce ya yi laushi a hannu, kuma ruwan sanyi a kan injin mai zafi tsaga kan silinda yake yi.