Kurgan, Garin da Ake Jan Ƙashi da Sifana

Tsakanin Mosko da Kurgan akwai tazarar kusan kilomita 2,000, ni kuwa na zaɓi jirgin ƙasa don in ga nisan da idona. Muka yi ta ratsa dazuzzukan bishiyoyi masu farin ɓawo, dare ya yi, gari ya waye, daji dai bai canza ba. Tsaunukan Ural ma da nake ɗokin gani, ta wannan hanyar ba su wuce tuddai ba. Da muka sauka sai ga gari shimfiɗe a bakin kogin Tobol, shiru, ba wani abin kallo. Ba don asibiti guda ba, da ba na jin baƙo zai niƙo gari ya zo nan.

Aikina tiyatar ƙashi ne, kuma a cikinsa babu abin da ke hana ni barci kamar ƙafar da hatsari ya cinye wa ƙashi. Karaya zalla da sauƙi. Amma idan mota ta markaɗe ƙwauri, ƙashi ya ɓullo waje, ƙwayoyin cuta suka shiga, dole a yanke duk wanda ya mutu, sai a bar giɓi. Ƙaramin giɓi ana cike shi da ƙashin da aka ɗebo daga ƙugun majinyaci. Idan ya haura santimita 6 kuwa, abin da aka zuba sau da yawa narkewa yake yi, daga nan a fara zancen yanke ƙafa.

Asibitin Kurgan ɗin, wato Cibiyar Ilizarov, yana gefen gari, da mutum-mutumin likitan da ya kafa shi, Gavriil Ilizarov, a gabansa. An haife shi a 1921, ya rasu a 1992. Bayan ya gama karatun likita a 1944 aka tura shi wannan yanki, inda sojojin da suka dawo daga yaƙi da karayar da ta ƙi haɗuwa suka yi masa yawa. A farkon shekarun 1950 ya ƙera na'urarsa: zobban ƙarfe da ke kewaye ƙafa, da siraran wayoyi da ake sokawa su ratsa ƙashi a ɗaure su tamau, da sanduna masu noti da ke haɗa zobban. Manyan likitocin Mosko sun daɗe suna yi masa kallon ɗan ƙauye. Sai a 1968, da ya warkar da Valeriy Brumel, zakaran tsallen sama na gasar Olamfik ta 1964 wanda babur ya ragargaza wa ƙafa, aka fara saurarensa. A 1980 ya yi wa matafiyin nan ɗan Italiya Carlo Mauri aiki, a shekarar da ta biyo baya likitocin Italiya suka gayyace shi, daga nan hanyar ta bazu a duniya.

Duk wannan na karanta kafin in zo. Abin da littafi bai shirya ni da shi ba shi ne barandar asibitin da safe. Mutane ne ke kai da kawo da ƙarafa a ƙafa, wanduna a tsage ta gefe an sa musu maɓallai, wasu da sanda biyu, wasu da ɗaya. Ba a barin kowa ya lafe a gado, domin taka ƙafar na cikin magani.

Wani direban babbar mota, wanda ya rasa santimita 9 na ƙashin ƙwauri, ya yarda in zauna in ga yadda yake yi. Likitansa ya datse lafiyayyen ƙashi can sama kusa da gwiwa, a hankali, ba tare da ɓata ɓargo da tantanin da ke lulluɓe da shi ba. Aka jira kamar mako guda, sannan aka fara jan wannan guntu zuwa ƙasa. Direban ya zaro ƙaramar sifana daga aljihun riga, ya duba ɗigon jan fenti da aka yi wa kowane noti, ya murɗa kwata, ya koma na gaba. Sau huɗu a rana, jimilla milimita ɗaya. Idan aka yi gaggawa ƙashi ba zai tsiro ba, idan aka yi nawa zai haɗe tun ba a kai ba. A hoton ƙafarsa ana ganin sabon ƙashin a bayan guntun kamar hayaƙi, bai yi duhu ba tukuna. Ta bakin tafinta ya ce mini, "Likita, ja ba ya damuna. Ramukan wayar nan ne, da daddare." Ya nuna mini ɗaya da ya yi ja yana tsattsafo da ruwa. Lissafinsa kwana 90 na ja, sannan wajen ninki biyu na wannan kafin ƙashin ya yi ƙwarin da za a cire zobba.

A nan ne zuciyata ta ɗan ja baya. Likita yana gama nasa cikin sa'o'i, sauran watannin na majinyaci ne, kuma ba kowa ke da irin wannan haƙurin ba.

Da yamma muka yi ta musu da wasu baƙin likitoci a kan sauran hanyoyin. Ɗaya ya tsaya kai da fata a kan ta Alain Masquelet na Faransa, wanda ya fara ta a 1986: a cike giɓin da simintin ƙashi, a rufe, bayan mako 6 zuwa 8 jiki ya saƙa tantani mai yawan jijiyoyin jini a kewaye, sai a tsaga shi, a cire simintin, a zuba ƙashin ƙugu a ɗinke. Tiyata biyu ke nan, kuma tsawon giɓi bai cika ƙara tsawon jinya ba. Sai dai ƙugu yana da iyakar abin da zai bayar, kuma idan ruɓa ta saura a ciki, aikin ya tashi a banza. Wani kuma ya kawo ta Ian Taylor na Ostireliya, ta 1975, wato a ciro siririn ƙashin gefen ƙwauri tare da jijiyoyin jininsa a dasa, a ɗinke jijiyoyin a ƙarƙashin madubin tiyata. Aiki ne mai kyau, amma yana son ƙwararren hannu, kuma ƙashin siriri ne, yakan karye kafin ya yi kauri. Ni dai inda ƙafa ta ruɓe ko ta gajarce, zobban Kurgan zan ɗauka. Inda rauni yake da tsabta, mutum kuma yana zaune nesa da asibiti, na fi karkata ga siminti.

Kafin in kama hanyar tasha na koma wurin direban. An ɗauki sabon hoto, likitansa ya ɗaga shi a fitila yana nuna mini inda guntun zai je ya tarar da ƙashin ƙasa. Ya ce wannan mahaɗar ce ta fi taurin kai, don bakin ƙashin yakan dakushe a hanya, nama ya shiga tsakani. Mai yiwuwa sai sun sake buɗewa sun kankare, sun ƙara ɗan ƙashi daga ƙugu. Direban ya tambayi yaushe, aka ce sai guntun ya iso, saura santimita 4.