Talata, da waya a cikin durowa

Yau kwana uku ke nan da na kafa wa kaina doka, kuma yau ɗin ne na fara taka ta.

Dokar dai ita ce labarai sau uku a yini. Da safe in saurari shirin BBC Hausa na ƙarfe 6:30 ina shan koko. Bayan azahar in leƙa Aminiya da Premium Times Hausa na minti 15. Sai bayan isha'i in saki jiki. Tsakanin nan waya tana durowar teburin da nake rubuta lissafi, data a kashe.

Ba haka kawai na shiga wannan takura ba. Ranar Asabar na rubuta katan 15 na taliya a maimakon 150, ido ɗaya a kan littafi, ɗaya a kan wasu mutum biyu da ke zagin juna a Facebook saboda ɗan siyasar da bai san da zamansu ba. Da Alhaji ya gano, ko ɗaga murya bai yi ba. Cewa ya yi, "Ɗana, wayar nan ita ke biyan ka albashi?" Na ce, "A yi haƙuri, Alhaji." Da mari ya sharara mini da ya fi sauƙi.

Matsalar ita ce a Kasuwar Singa labari kuɗi ne, ba ka isa ka toshe kunne ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, ba a ɗauki lokaci ba layi ya cika gidajen mai, masu motocin kaya suka ƙara kuɗi. Dala ta motsa a Wapa, kafin ka farga sukari ya motsa a nan. Da wannan hujjar nake yaudarar kaina kullum: ai aiki nake yi.

Yau ma ita ta kayar da ni. Wajen ƙarfe 11 yaron shagon maƙwabta ya leƙo yana cewa an ce shinkafa za ta karye. Na jawo durowa. Minti biyu suka ishe ni in gane tsohon bidiyo ne aka sake yaɗawa a WhatsApp. Amma ban mayar da wayar ba sai bayan minti 40, ina can ina karanta cinikin 'yan ƙwallo a Ingila, mota kuma tana jiran takardar kaya.

A hanyar masallaci na tuna rediyon Babana mai doguwar eriya. Shi ma mayen labarai ne, daga Landan ya koma Jamus, daga nan Muryar Amurka. Sai dai nasa labarin yana ƙarewa. Mai gabatarwa ya yi sallama, Baba ya murɗe rediyo, ya saɓa fartanya. Nawa kuwa ba mai yi mini sallama. Ina ja yana ƙara zuwa, kamar guga a rijiyar da ba ta da gindi.

Bayan la'asar na rufe lissafi ba tare da kuskure ko ɗaya ba, Alhamdulillahi. Gobe zan bar babbar wayar a gida, in sa layina a ƙaramar mai madannai. Farashin dala kuwa, akwai abokina a Fagge, zan kira shi bayan azahar.