Yatsu Uku a Bakin Injin Casa

Na fara aikin malamin gona a yankin noman rani na Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai yana shayar da shinkafa da alkama da tumatir. A makaranta an koya mana tazarar shuka, awon taki, da yadda ake gane tsutsa tun kafin ta cinye masara. Ba wanda ya taɓa ce mana wata rana za a turo yaro da gudu ya kira mu saboda hannun mutum.

Kaka ce, ana casar shinkafa. Injin na wani Alhaji ne, yana bayar da shi haya gona-gona, a biya shi da shanshera. Cikin 'yan ƙwadagon akwai wani saurayi da bai cika shekara 20 ba, shi ke tura dami. Bel ya zame daga kan fuli, direban injin ya ce masa ya mayar da sauri, kada a kashe, domin tayar da injin wahala ne. Murfin da ke rufe bel ɗin kuwa an kwance shi tun bara, wai yana ɓata lokaci in za a yi gyara. Yaron ya kai hannu. Kafin in iso an naɗe hannun da rawani, an ɗora shi a babur. Yatsu uku na hannun dama suka tafi.

Da yamma na je gidansu dubiya. Zaure cike da mutane, kowa ya shigo sai ya ce, "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah ya sa kaffara ne." Alhaji ma ya zo, ya ajiye kuɗin allura da buhun shanshera, aka yi ta sa masa albarka. Ni kuwa jinina na tafasa. Na ja mahaifin yaron gefe na ce, "Baba, wannan sakaci ne ƙarara. Ku kai ƙara, ni zan tsaya muku shaida."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri. Amma ka san gonar da nake ci aron wa ce? Takin bana wa ya ba ni bashi? Kai gobe sai a canja maka wurin aiki. Ni a garin nan za a binne ni."

Ban sami abin cewa ba. Na zo da kotu a baki, alhali ko sunan kotun da za a je ban sani ba, balle kuɗin mota da na lauya da yawan ɗage zama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙauye, wanda ya ji maka rauni sau da yawa shi ne mai ba ka aron gona, ko surukinka, ko mai ja muku salla. Duk shawarar da ba ta lissafa da wannan ba, ta mutumin birni ce, za a saurare ka cikin ladabi a watsar.

Sai dai abin ya ƙi barin raina, na kai maganar wurin wani tsohon alƙali da ya yi ritaya yana karantar da ɗalibai a zaurensa. Na zaci zai ce mini ƙaddara ce, a yi haƙuri. Sai ya sa aka miƙo masa littafin fiƙihu na Risala, ya buɗe babin jini da haddi. Ya ce cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinare 1,000 na zinare, ko dirhami 12,000 na azurfa. Hannu ɗaya rabin diyya. Kowane yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Na zauna na buga lissafi: yatsu uku dinare 300 ke nan, in aka auna dinare a kan giram 4.25, zinare ya haura kilo guda. Na tuna buhun shanshera da aka yi ta godiya a kansa.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, to me ya sa ba a faɗa wa mutane?" Ya ce ana faɗa, a darasi, ga ɗalibai. Ya ƙara da cewa imani da ƙaddara bai taɓa sauke lamuni daga kan mai sakaci ba, kuma yafiya tana da lada babba, amma sai mutum ya san abin da yake yafewa. Ya kuma ja mini kunne kada in ɗauki lissafin nan in ruga gari da shi. Kafin a yi maganar raƙuma sai an tabbatar waye sanadi. Wanda ya cusa hannunsa da kansa ba wanda ya sa shi, hukuncinsa daban da wanda aka umarta ya gyara bel injin na gudu, aka kuma cire abin da zai kare shi. Ya ce a mazhabar Malikiyya, raunin kuskure in ya kai sulusin diyya dangin mai laifi ne ke haɗuwa su biya, in bai kai ba daga aljihunsa ne. Raƙuma 30 ba su kai sulusi ba.

Wato komai ya rataya a kan murfin nan da kuma kalmar direba. Na koma gonar bayan kwana biyu. Murfi na nan daram, an ɗaure shi da sababbin notuna. 'Yan ƙwadagon da suka ji umarnin da kunnensu, biyu 'yan ci-rani ne sun wuce gaba, sauran kuma gobe ma a injin Alhaji za su nemi na abinci. Ga waya a aljihuna ranar da abin ya faru, mai kyamara, ban ɗauki hoto ko ɗaya ba. Wannan laifina ne, ba na kowa ba, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya.

An yi sulhu a gaban dagaci. Alhaji ya ce ya ɗauki nauyin magani har yaro ya warke, kuma zai "duba shi" bayan nan. Aka shafa fatiha, kowa ya tashi. Ba a rubuta komai ba, domin neman a rubuta kamar cewa ne ba ka yarda da dattijo ba. Wata biyu ana biya. Da ciwon ya ƙi rufewa, likita ya ce a je asibitin ƙashi na Dala, sai aike ya fara dawowa da "Alhaji ya yi tafiya". Ban ce mugun mutum ba ne. Shi a ganinsa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, tunda ba a taɓa faɗin iyakar ba. Kalmar "har ya warke" kowa da yadda ya fahimce ta.

Daga nan na fara tambayar lauyoyi duk inda na gamu da su, har na halarci wani ɗan gajeren horo na masu wayar da kan jama'a kan shari'a. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar asusun inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke gudanarwa. Na ɗauka ta ma'aikatan banki da kamfani ce. Ashe ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki ba takarda, da na wucin-gadi, da ɗan koyo. Ba ta kuma neman sai an tabbatar da laifin ubangida, ya isa a ce a bakin aiki aka ji raunin. Mai ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun. Akwai wa'adi: a sanar da ubangida cikin kwana 14, shi ya kai rahoto cikin kwana 7, a nemi diyya cikin shekara guda. A takarda abin gwanin kyau. A aikace, ban taɓa haɗuwa da mai injin casa a ƙauye da ya yi rajista ba. Inda dokar ke da haƙora shi ne manyan gonaki da kamfanonin sarrafa shinkafa masu biyan albashi, kuma yaranmu da yawa yanzu can suke aiki, ba su san suna da wannan haƙƙin ba.

Na kuma san cewa akwai hukumar ba da tallafin lauya kyauta ta tarayya, tun 1976 take, kuma dokarta ta 2011 ta sa ƙarar haɗari da diyyar ma'aikaci cikin abin da take karɓa, ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Ofisoshinta a birane suke, wannan gaskiya ne, amma kuɗin mota zuwa Kano bai kai kuɗin lauya ba. Wani lauya ya gargaɗe ni da abu guda da ban manta ba: in motar gwamnati ce ko jami'inta a bakin aiki, akwai dokar da ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara. Mu kuwa wata ukun farko a jinya da karɓar 'yan dubiya muke ƙarar da su.

Shekara biyu bayan haɗarin farko, mota ta kwashe wani manomi da amalankensa a bakin titin Kano zuwa Zariya, yana dawowa da kara. Ƙafa ta karye, sa ɗaya ya mutu. Wannan karon ban ambaci kotu ba ko sau ɗaya. Na ɗauki hoton motar da lambarta da inda amalanken ya faɗi. Na roƙi ƙanensa ya samo leda ya riƙa tara kowane rasit, har na audugar wanke ciwo, da katin asibiti da hoton ƙashi. Na lallashe su a bari 'yan sanda su rubuta rahoto, na ce rahoto ba ɗauri ba ne. Mafi wuya shi ne hana su ɗauke shi daga asibiti zuwa wurin mai ɗori. Ba raina masu ɗori nake ba, sun yi wa mutanenmu aiki tun kaka da kakanni, amma karayar da ƙashi ya huda fata ba tasu ba ce, kuma kamfanin inshora ba ya karɓar shaidar mai ɗori.

Mai motar ya zo da 'yan'uwansa neman sulhu. Muka ce madalla, sulhu alheri ne. Sai dai a zaman na roƙi dagaci, na ce, "Ranka ya daɗe, mutuwa ba ta sallama. A rubuta saboda magada, ba saboda waɗanda ke zaune nan ba." Da aka sa mutuwa a gaba, ba wanda ya ji an zarge shi. Aka rubuta da Hausa: kuɗin sa nawa, na asibiti wa zai biya kuma har zuwa yaushe, me za a ba iyali a watannin da ba ya iya noma, ranar biya, da abin da za a yi in likita ya ce sai an sake aiki. Liman da mai unguwa suka sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Mai motar da kansa ya ce tunda akwai rahoto da rasit zai nemi inshorarsa, wannan ta dole da ake biya wa ƙananan motoci naira 15,000 tun farkon 2023, wadda yawancin direbobi suka ɗauka takardar nuna wa 'yan sanda ce kawai. Hausawa na cewa shari'a mace ce da ciki. Ledar rasit ɗin nan ita ta sa ba mu je ɗakin haihuwar ba, domin kowa a zaman ya ga cewa in an je, akwai abin nunawa.

Akwai raunukan da har yau ban san yadda ake kama su ba. Yaron da ake ba jingar feshi ya goya famfo mai yoyo, ba takunkumi ba safar hannu, maganin ciyawa na bin bayansa tun safe har azahar. In ya yi amai ya faɗi a ranar, ana iya cewa ga dalili. In kuwa ƙirji ne ya fara ciwo bayan shekaru, wa za a kama, cikin manoma ashirin da ya yi wa feshi? A nan abin da nake iyawa shi ne na malamin gona: a duba famfo, a bi bayan iska, kada a zuba ruwan sha a jarkar magani, kuma in za a tafi asibiti a tafi da kwalbar domin likita ya ga abin da ke rubuce a jikinta. Saran kububuwa kuwa ba shi da wanda ake ƙara. Dafinta hana jini daskarewa yake, mutum na iya ganin kamar ya samu sauƙi alhali yana zubar da jini a ciki. Mutanen Kaltungo a Gombe sun san wannan, shi ya sa asibitinsu ya yi suna. Takalmin roba da saurin zuwa inda ke da allurar dafi, iyakar abin da zan ce ke nan.

Yanzu duk shekara kafin a fara casa ina zagaya masu injina. Ba na yi musu wa'azin doka. Ina dai ba su labarin lissafin tsohon alƙali, yatsa ɗaya raƙuma 10, sannan in tambaye su nawa mai walda zai karɓa ya yi murfin bel. Wasu su yi dariya, wasu su aika a kira mai waldar.

Saurayin nan yana nan. Ya koyi riƙe lauje da hagu, ya yi aure, yana sayar da fetur a kwalba a bakin hanya in rani ya yi. Mahaifinsa ya rasu bara, gonar aron ta koma wurin mai ita. Duk sanda na tsaya shan mai a wurinsa sai ya ƙi karɓar kuɗina, ya ce ai ni na tsaya musu lokacin da abin ya faru. Nakan ajiye masa kuɗin a kan benci in ja babur.