Tawadar firinta ba ta son zaman banza

Bara da hunturu na kulle shagona da ke Tudun Wada a nan Gusau, na tafi Talata Mafara bikin ƙanwata, na yi kusan mako uku. Ranar da na dawo wata ɗaliba ta zo a buga mata hoton fasfo. Sai ga fuskarta ta fito kore-kore, da fararen layuka a goshi. Ta ce, "Malam, wannan ai ba ni ba ce." Katirij ɗin kalar kuwa, wato ɗan akwatin tawadar da ake sa wa firinta, ko wata bai yi da saye ba.

Laifina ne. Ranar tafiyar an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, na zare soket na kama hanya. Ita firinta idan ka kashe ta da maɓallinta, takan mayar da katirij gefe, ta ɗora bakinsa kan wata 'yar roba da ke rufe shi. Nawa na bar su tsakiyar hanya baki buɗe. Ramukan da tawada ke fitowa sun fi silin gashi siranta, iskar da ke tsaga leɓe da diddige kuwa ba za ta bar su ba. Jar tawadar ce ta daskare.

Na jiƙa tishu da ruwan ɗumi mai tsabta, na dangwala bakin katirij ɗin a kai, na bar shi 'yan mintoci. Shuɗi ya fito, rawaya ta fito. Sai a karo na huɗu na ga jan ya ɓullo, na yi hamdala. Wurin nan mai ruwan tagulla a jikin katirij kada ka taɓa shi da yatsa, ta nan yake karɓar umarni daga firintar.

Yanzu ko babu ciniki, duk mako sai na buga shafi ɗaya mai kala. Sabon katirij ba na yage ledarsa sai ranar sawa, yana tsaye cikin durowa, nesa da taga, saboda zafin bazara. Wanda na cire kuwa roba mai murfi nake sa shi, da ɗan jiƙaƙƙen ƙyalle a gefe wanda bai taɓa bakinsa ba.

Abin da ke ɓata min rai shi ne masu matsa wa katirij har sai ya ƙafe ƙarƙaf. Irin su HP 123 da zafi suke feso tawada, kuma tawadar ce ke sanyaya su. In ya ƙone a bushe, ko ka ɗura masa sabuwa ba zai tashi ba. Da na ga rubutu ya fara dusashewa nake tsayawa.