Ƙarfe biyar na yamma ke cinye mini kuɗin cefane

Na daɗe ina ɗora wa kasuwa laifi. In wata ya kai ashirin na buɗe jaka na ga wayam, sai in ce tsadar kaya ce, in ja tsaki in ci gaba da sha'anina. Ba ƙarya nake yi ba kuwa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kuɗin mota ya hau kan kowane kwanon masara da kowane kwandon tumatir, duk matar da ke ɗora tukunya ta ji a jikinta. Amma ashe wani ɓarawon a cikin gidana yake kwana. Sai da na yi wata guda cur ina rubuta duk abin da na kashe a bayan wani tsohon littafin darasi sannan na kama shi. Ƙarfe biyar na yamma ne.

Koyarwa nake yi a wata firamare a nan Kano. Bakwai saura nake fita, in dawo wajen biyu da rabi a gajiye liƙis, maƙogwaro ya bushe da faɗa da 'yan aji uku. Yara huɗu gare mu. Maigidan yana kasuwa, sai bayan magariba yake shigowa, kuma kuɗin cefane na wata yake ba ni dunƙule, in cika da ɗan abin da ya samu daga albashina. To in na dawo na yi salla na ɗan kishingiɗa, kafin in farga yara sun tafi Islamiyya, la'asar ta yi sakaliya, ni kuwa ban san abin da zan ɗora ba. Daga nan sai aike ya tashi. A sayo taliya leda biyu, a sayo mai na ƙulli, tumatirin leda, albasa guda biyu, magi. Yaron ya dawo in tuna babu attaruhu, ya sake komawa. Ko wanne kuɗi kaɗan ne a ido, amma da na tara su a ƙarshen wata sai da na riƙe baki. Man ƙullin nan kaɗai da na lissafa, da galan na saya da na samu canji. Kuma ranar da gajiya ta yi yawa, sai in ce a sayo indomi da ƙwai kowa ya ci ya kwanta, kuɗin da zai yi mana tuwon kwana biyu ya tafi a dare ɗaya, auta kuma ya farka da asuba yana kukan yunwa.

Abin da na fara yi shi ne jadawali, irin namu na malamai. Na samu kwali na ja layi da rula: Litinin kaza, Talata kaza, har Lahadi, na manna a ƙofar kicin ina jin kaina. Kwana tara ya yi. Ranar shinkafa da miya tumatir ya yi tsadar da ba na iya taɓawa, ranar alale babu wuta a wajen markaɗe, sannan Hajiya surukata ta zo mana kwana biyar, ita kuwa in ba tuwo ta ci da dare ba, a wurinta ba ta ci abinci ba. Ita ce ma ta tsaya gaban kwalin ta sa babbar 'yata ta karanta mata, ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar nan, takarda ce za ta jiƙa miki wake? Ba a fafe gora ranar tafiya."

Na ce, "To Hajiya, ya zan yi?"

Ta ce su a da, kafin mace ta kwanta ta riga ta san abin da za ta ɗora gobe, don surfe da daka ba sa jiran sai rana ta faɗi. Na ji haushi a ranar, ba zan ɓoye ba, don na ɓata lokaci a kan kwalin nan. Amma maganarta nake bi har yau. Bayan sallar isha'i, kafin in taɓa waya, nakan shiga kicin in duba abin da ke akwai in yanke na gobe. Minti goma ne. In wake ne in tsince in jiƙa, in tuwo ne in tabbata akwai gari da kuka, in da abin da ya ƙare in gaya wa maigidan ya taho da shi daga kasuwa inda ya fi sauƙi, ba shagon unguwa ba.

Sai dai dabarar dare ba ta aiki in ɗakin ajiya fanko ne. Mu shida ne a makarantarmu muke zuba adashi tun daga watan Yuni, in kaka ta yi, wajen Nuwamba zuwa Disamba, mijin ɗaya daga cikinmu ya je Dawanau ya sayo mana masara da gero da wake da waken suya a buhu. A tsakar gidanta muke shimfiɗa tabarma mu raba da kwano. Buhu kwano arba'in ne in an cika shi da gaskiya, kuma ranar rabon nan ba a rasa gardama a kan tozon kwano. Hikimar ba wata mai zurfi ba ce: da kaka hatsi ya fi araha saboda manoma sun fito da shi, in aka doshi damina kuwa rumbuna sun yi ƙasa, farashi yakan tashi. Wadda ba ta da ƙarfin buhu ita kaɗai, ta nemi 'yan uwa su haɗa. Shinkafa kuma ta gida nake saye, 'yar Hausa. Sai an zauna an tsince tsakuwa, amma tana auki, kuma yara na da hannu.

Shekarar farko na yi wauta. Na jingine wakena kwano goma sha biyu a buhunsa bayan ƙofa na manta da shi. Da zafi ya shigo na buɗe, sai ga ƙwari suna tashi, kowane ƙwaya da hudarsa, ƙasan buhun duk gari. Rabi kaji suka ci. Na yi kwana biyu ina jin zafin abin, maigidan kuma bai ce komai ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Yanzu in na kawo wake sai in baza shi a rana ya bushe ƙayau, in ɗura a jarkokin mai da na wanke suka bushe sarai, in cika har wuya in toshe murfin da leda. In iska ba ta shiga, ƙwarin ba sa rayuwa. Masu yawa suna amfani da buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki, dabarar ɗaya ce. Maganin ƙwari dai ba na zuba wa abin da yarana za su ci.

Tumatir shi ne babban mai wasa da hankalin uwar gida. Da sanyi, in na rani ya fito daga Kadawa da Kura, har tausayin manoman nake ji saboda yadda yake zubewa a 'Yankaba. Amma daga watan Mayu zuwa Yuli sai ya zama gwal. Wanda ya ga 2016, shekarar da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir, ya san abin da nake nufi, har a gidajen masu hali an ci miyar da ba ja. Saboda haka a watan Fabrairu nake yin aikin shekara. In sayi kwando, in zaɓi masu tauri in yanka gida biyu, in baza a kan tabarma a saman baranda in rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. Kwana biyar zuwa mako, iskar hunturu ta mayar da shi kauɗa. Tattasai da attaruhu ma haka. In damina ta zo, sai in jiƙa kauɗar a ruwan ɗumi, in wanke sosai, in haɗa da albasa mai yawa a markaɗa. Miyar takan ɗan yi duhu, gaskiya ba ta kai ɗanye kyau a ido ba, amma in ta ji daddawa da ɗan manja babu mai tambaya.

Ranar Asabar kuwa ta kicin ce, daga hantsi zuwa azahar. Niƙa ake kaiwa: garin tuwo na sati biyu, tsakin masara, da garin ɗanwake da nake haɗawa da kaina, wake da rogo da ɗan alkama. Sannan in yi markaɗen kayan miya na mako gaba ɗaya, in zuba a babbar tukunya in bar shi ya yi ta tafasa har ruwan ya ƙone ya kama jikinsa, in soya da mai sosai har man ya taso sama. Ba na dogara da firji. Na taɓa cika shi da miya aka ɗauke wuta kwana uku, na zubar da ita ina ƙwalla. Soyayyen kayan miyan nan in mai ya rufe shi, ana ɗumama shi safe da yamma, ba a sa masa jiƙaƙƙen cokali, yakan kai ni Alhamis lafiya lau. Daga cikinsa nake ɗiban na dafa-duka, na miyar kuka, na fate, na jajjagen taliya. Aikin da ke cin awa guda da yamma ya koma minti ashirin.

Ɗanwake shi ne mai cetona ranar da na dawo ba na ko iya magana. Garin yana nan, kuka tana nan, in jiƙa 'yar kanwa in kwaɓa, ruwa na tafasa ina sakawa. Kafin yara su cire kayan Islamiyya ya taso. Mai da yaji, in da hali a yanka albasa da kabeji. Garau-garau ma haka, muddin waken ya kwana a jiƙe. Faten tsaki da yakuwa ko rama da dakakkiyar gyaɗa kuwa, tukunya ɗaya ce, kuma ban taɓa ganin ya yi saura ba.

Nama dai mun yi sulhu da shi: Juma'a ce ranarsa. Sauran kwanaki kifi banda ne a miyar kuka, ko ƙashi mai ɓargo da nake sa mahauci ya sara mini, ko awara. Awarar nan da kaina nake yi duk sati biyu, kwano ɗaya na waken suya, in jiƙa, a markaɗa, in tace, in ya tafasa in zuba ruwan tsami ya dunƙule, in ɗaure a ƙyalle in danne da turmi. Rabi a soya a ci da yaji, rabi a yanka ƙanana a jefa cikin miya. Ranar farko da maigidan ya tsinci awara a miyar shinkafa ya ɗaga cokali ya dube ni ya ce, "Malama, wannan naman wace dabba ce?" Na ce ta gona ce. Ya cinye, har ya nemi ƙari.

Da safe ɗumame muke ci, kuma da gangan nake ƙara malmala huɗu a tuwon dare saboda shi. Yaran sun so su raina shi, wai 'yan ajinsu burodi da shayi suke ci, na ce kowa da gidansu. Ran da babu ɗumame, koko ne da gasarar da nake yi da gerona, ko kunun gyaɗa. Kuɗin tara ma na rage shi, ina zuba musu soyayyar awara ko wainar fulawa a 'yar roba. Na biyun, namijin, har yanzu yana ƙunƙuni, don ya fi son ya riƙe kuɗi a hannu ya sayi alawa. Ran Juma'a nake ba shi, mu rabu lafiya.

Wuta ma lissafi ce. Gas na safe ne da abin sauri. Duk abin da zai daɗe a kan wuta, wake ko tuwo ko ƙone markaɗen Asabar, gawayi ne. Tun da na raba su haka tukunyar gas ɗin take kai ni inda ba ta kai ni a da.

Akwai abu ɗaya da na ƙi sa wa ma'auni. Wata abokiyar aikina ta ce in ina son tattali na gaskiya, in riƙa auna abinci daidai bakin mutum shida, kada ya yi saura ko loma. Ban iya ba. Gidanmu ba a rasa mai sallama, ƙanin maigidan yakan biyo daga makaranta ba sanarwa, ga almajirin da ke mana shara yana miƙo robarsa kullum bayan isha'i. Gwangwani ɗaya nake ƙarawa a kan awon kowane dare, kuma na sa shi cikin lissafin wata kamar yadda na sa gishiri. In baƙo bai zo ba, ya zama ɗumame.

Littafin nan har yanzu yana nan a saman firji, duk ya sha manja. Ba kullum nake rubutu a ciki ba yanzu, sai in na ga wata yana neman ya fi ƙarfina. Makon jiya ma na karya dokar kaina: aikin jarrabawa ya riƙe ni a makaranta har huɗu, daren kuma barci ya sace ni ban jiƙa komai ba, sai ga ni ina miƙa wa yaro kuɗi ya sayo taliya da ƙwai. Hajiya na zaune a tabarma tana jan carbi, ta bi yaron da ido har ya fita, ba ta ce uffan ba. Da aka idar da isha'i na shiga kicin, na tarar ta riga ni, wake gwangwani biyar yana cikin ruwa an rufe shi da faifai.